Yadda Ake Haɗa Batura Don Fita Rangadi

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Miga da sauran gundumomin masarautar Dutse, watau Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Dutse kanta. Kowa ya san in hakimi ya fita rangadi yakan kwana a ƙauyukan da wayar lantarki ba ta kai ba, ga shi kuwa aikin yanzu ba ya yiwuwa sai da fitila, da lasifikar yi wa jama'a jawabi, da cajin waya, wani lokaci har da kwamfutar malami. Dā can, a shekarun 1950, motar majigi takan zo gari da injinta na ba da wuta, tana ruri har a watse. Yanzu abin ya yi sauƙi: batura biyu ko uku a bayan mota, ko a cikin 'yar tirelar da mota ke ja, da farantin sola a bisa, sun isa. Amma fa batir kuɗi ne masu yawa, kuma in aka haɗa shi ba daidai ba, ko dai ya mutu cikin 'yan watanni, ko ya tayar da gobara. Ba a ce hakimi ya riƙe sifana da kansa ba. Abin da ake so shi ne ya san abin da zai tambayi mai wayarin, malaminsa kuma ya san abin da zai duba kafin a biya kuɗin aiki.

Abin da aka rubuta a jikin batir

Wani masani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago batir ɗin darma da asid a shekarar 1859, kuma har yau irinsa ne a cikin yawancin motoci. A cikin akwatin nan akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da bolt biyu da 'yan kai, shi ya sa ake ce masa mai bolt 12.

In an duba jikinsa za a ga lambobi biyu, misali 12V da 100Ah. Ta farko ita ce bolt, watau ƙarfin turin wutar. Ta biyu kuwa ita ce amfa a awa, watau yawan wutar da ke ajiye a ciki. A kwatanta da tankin ruwan famfo: tsawon ƙafafun da aka ɗora tankin a kai shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi, wannan shi ne bolt, girman cikin tankin kuwa shi ke nuna tsawon lokacin da za a yi ana ɗiba, wannan shi ne amfa a awa. In aka ninka lambobin biyu sai a sami jimlar aikin da batir zai iya yi. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda.

To, amma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Batir ɗin darma ba a shanye shi ƙaf. In ana so ya yi ƙarko, rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake taɓawa, sa'an nan a mayar masa da caji. Ashe ke nan wat 1,200 ɗin nan, 600 ne na mai shi, sauran na batir ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin batir ɗin tayar da mota da batir ɗin ajiyar wuta. Na mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci kaɗan, injin ya tashi, ya mayar masa nan take. Faifan darmarsa sirara ne. In aka sa shi riƙe fitilu dare bayan dare, ba zai daɗe ba. Na ajiya, irin wanda ake sayarwa don sola, faifansa masu kauri ne, shi ya sa ya fi nauyi, ya fi tsada. Mai amfa 200 na gaske yakan kai wajen kilo 55 zuwa 65. Wanda aka rubuta masa 200 amma yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, to, a bar wa mai shi kayansa.

Hanyoyin haɗi guda biyu

Kowane batir yana da kai biyu: ɗaya mai alamar tarawa, wanda akan sa wa jar waya, ɗaya mai alamar ɗebewa, wanda akan sa wa baƙa. Za mu riƙa ce musu jan kai da baƙin kai.

Hanya ta farko ita ce haɗin jere. Duk wanda ya taɓa zuba batir a tocila ya san ta: kan wannan ya taɓa gindin wancan, batura biyu masu bolt ɗaya da rabi su ba da bolt uku. Haka ake yi da manya. A ɗauki waya daga baƙin kan batir na farko zuwa jan kan na biyu. Kawuna biyun da suka rage, su za a kai wa kayan aiki. A wannan haɗi bolt ne ke ƙaruwa, amfa ba ta ƙaruwa. Batura biyu masu 12 da 100 sun zama bolt 24, amfa 100. Direbobin manyan motoci sun san wannan sarai, don yawancin motocin ɗaukar kaya da bolt 24 suke aiki, batura biyu a jere.

Hanya ta biyu ita ce haɗin kafaɗa da kafaɗa. Ja da ja, baƙi da baƙi. A nan bolt yana nan yadda yake, amfa ce ke ƙaruwa. Batura biyun nan sun zama bolt 12, amfa 200.

A lura, jimlar wutar ɗaya ce ko ta wace hanya aka bi: 24 sau 100, da 12 sau 200, duka 2,400 ne. Wanda ya ce haɗin jere yana ninka wuta bai fahimci lissafin ba. Abin da ke raba gardama shi ne kayan da za a kunna. Fitilun mota da fankar sola da lasifika galibi na bolt 12 ne, saboda haka motar rangadi haɗin kafaɗa ya fi dacewa da ita, kuma da shi ne injin mota zai iya yi musu caji a kan hanya. Amma a ofis ko a gidan hakimi, inda aka sa inbata babba mai juya wutar batir ta zama irin ta gari, sai a duba abin da aka rubuta a jikin inbatar. In ta ce 24, batura biyu a jere. In ta ce 48, huɗu a jere. In aka kai wa na'urar bolt 12 wutar bolt 24, nan take za ta ƙone.

Me ya sa manyan inbatoci ke son bolt mai yawa? Ga dalili. Inbata mai jan wat 1,200, in a bolt 12 take, amfa 100 ke gudu cikin waya. A bolt 24, amfa 50. A bolt 48, amfa 25 kacal. Zafin da waya ke yi kuwa ba daidai da amfa yake hawa ba, ya fi haka: in amfa ta ragu da rabi, zafin da ke ɓacewa a waya yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka bolt mai yawa yana rage asara, yana kuma rage kuɗin jan ƙarfe.

Ana iya gama hanyoyin biyu. Batura huɗu: a jera biyu, a jera biyu, sa'an nan a haɗa jerin nan biyu kafaɗa da kafaɗa, a sami bolt 24 da amfa 200. Wannan aikin gwani ne, kada a ba ɗan koyo.

Sai sa'o'in juna

Manomin Miga ba ya ɗaura garma a wuyan bijimi da ɗan maraƙi tare. Ya san kunya za ta karkace, babban ya wahala, ƙaramin ya durƙushe. Batura ma haka suke, kuma wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, don kullum akwai wani tsohon batir a zaure da ake jin tausayin yarwa.

Baturan da za a haɗa su zama iri ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, in da hali a saye su rana ɗaya. In aka haɗa sabo da tsoho kafaɗa da kafaɗa, sabon ne zai ɗauki yawancin kayan, kuma in dare ya yi tsohon ya riƙa tsotsar ɗan'uwansa a hankali, har sabon ya tsufa ba lokacinsa ba. In kuwa a jere suke, abin ya fi muni. Wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, kamar ayarin raƙuma a igiya ɗaya. Mai rauni shi ke fara ƙarewa, sauran su ci gaba da jansa har ya wuce iyaka. Wajen caji kuma shi ke fara cika, ya yi ta tafasa yana ƙafe ruwansa kafin sauran su cika. Ƙarshenta batir ɗaya ya ja uku su lalace.

Daga nan ne wani kuskure ke fitowa wanda ya kamata malamai su sa wa ido. A inda aka jera batura biyu don bolt 24, sai wani ya zo da rediyo ko fitila mai bolt 12, ya maƙala a kan batir ɗaya daga cikinsu. Za ta kama, ba shakka, shi ya sa ake ganin ba laifi. Amma daga ranar nan batura biyun sun daina zama sa'o'in juna. In ana bukatar bolt 12 daga jerin 24, akwai 'yar na'ura mai rage bolt, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ba.

Kafin a haɗa kafaɗa da kafaɗa, a yi wa kowanne caji shi kaɗai har ya cika, a bar shi ya huta wasu awoyi, a auna da mita. Cikakken batir ɗin darma yakan nuna bolt 12.6 ko 12.7. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce 0.1 ko makamancin haka, a sake caji, don in aka haɗa cikakke da wanda ya sha, wuta mai yawa za ta kwarara daga wannan zuwa wancan ba mai tare ta. Kada kuma a wuce batura uku ko huɗu a kafaɗa ɗaya. In bukata ta fi haka, gara a sayi manya kaɗan da a tara ƙanana da yawa.

Waya da fiyus

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo, amma tana ƙara wa batura shekaru. In batura biyu ko uku suna kafaɗa da kafaɗa, kada a ɗauki jar waya da baƙar waya duka daga batir na gaba. In aka yi haka, na gaban shi ke aiki, na bayan yana hutawa, don wutarsa sai ta ratsa ƙarin waya kafin ta fito. A ɗauki ja daga batir na farko, a ɗauki baƙa daga na ƙarshe, kusurwa da kusurwa. Ta haka nisan da wutar kowanne za ta yi ya zama ɗaya. Gajerun wayoyin da ke tsakanin baturan su ma su zama tsawo ɗaya, kauri ɗaya.

Kaurin waya ba abin tsimi ba ne. Wayar da za ta ɗauki amfa 100 tana son jan ƙarfe mai kauri milimita murabba'i 25 zuwa 35, kuma ta zama gajera. Wayar fitilar ɗaki ba ta da wuri a nan. A kasuwa akwai waya mai launin jan ƙarfe a waje, cikinta kuwa sanholo ne. In aka kankare silinta da wuƙa sai a ga fari. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana kuma karyewa da jijjigar mota. Bakin kowace waya a matse shi da kunnen ƙarfe, a ɗaure da noti sosai. Murɗa waya da hannu a kan batir, ko buga ƙusa don a cike gibi, shi ke kawo zafi, har darmar kan ta narke. Hanyoyin ƙauye kuwa suna kwance noti, saboda haka a riƙa bi ana matsewa bayan kowane rangadi, a kuma ɗaure baturan da ɗamara kada su yi ta gware da juna.

Sai fiyus, wanda shi ne mai gadin dukan aikin. Batir babba, in jan kai da baƙin kai suka haɗu kai tsaye, yana iya sakin ɗaruruwan amfa cikin ƙiftawar ido, waya ta yi ja zur, rufinta ya kama da wuta. A sa fiyus a kan jar waya, kusa da batir ƙwarai, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kansa, kuma girmansa ya dace da abin da wayar za ta iya ɗauka. In fiyus ya tsinke, akwai dalili. A nemo dalilin. Duk mai wayarin da ya cire fiyus ya naɗa silin waya a madadinsa, kada a sake ba shi aikin hukuma.

In za a yi wa baturan rangadi caji daga injin mota, lalle a sa makunnin raba su da batir ɗin motar, irin mai haɗawa in injin ya tashi, ya raba in an kashe. In ba haka ba, fanka za ta kwana tana shan batir ɗin tayarwa, gari ya waye dogarai suna turin mota a cikin yashi.

Lissafin kwana ɗaya

Ga misali, don malami ya ga yadda ake yi. Fitilu huɗu masu wat 10, awa biyar: 200. Fankoki biyu masu wat 20, awa takwas: 320. Lasifika mai wat 60, awa biyu: 120. Cajin wayoyi goma: wajen 100. Kwamfuta mai wat 50, awa uku: 150. Jimla 890, a ce 900. Batir ɗaya mai amfa 100 muka ce 600 ke hannunmu, bai isa ba. Biyu kafaɗa da kafaɗa suna ba da 1,200, sun isa kwana ɗaya har da rara. In rangadin na kwana uku ne, ba batura shida za a ɗauka ba, hanyar mayar da caji za a nema. Farantin sola mai wat 300, a ranar ƙasarmu, yakan mayar da wajen 1,000 a wuni in ana share masa ƙura, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe shi. Tsakanin faranti da batir dole a sa na'urar daidaita caji. A fara haɗa ta da batir, sa'an nan faranti, in za a kwance kuma a fara cire faranti. Dutsen guga da hita da injin niƙa ba sa cikin wannan lissafi, kada a bari kowa ya jona su.

Zafi, ruwa da tsaro

Masu ƙera batura suna auna ƙarkonsu ne a zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan haka yana rage kusan rabin kwanan batir ɗin darma. A ƙasar Jigawa kuwa zafin watan Afrilu yakan haura 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da aka bari a rana. A ajiye su a inuwa, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, a huda akwatin sama da ƙasa don iska ta ratsa. Iskar nan ba don sanyi kaɗai ba ce. Batir mai ruwa, in yana caji, yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta, haidurojin, wadda in ta kai kashi huɗu cikin ɗari a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Ba a shan taba kusa da shi, ba a leƙa cikinsa da ashana, ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki.

Mai aiki ya cire zobe da agogo, ya naɗe hannun sifanarsa da salatif. Wajen kwancewa a fara cire baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Batir mai marufai a duba ruwansa kowane wata. In ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don haka, har ya rufe faifan. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba, don ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan kanwa, a kula kada ya shiga ciki, a goge, a shafa basilin. In asid ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti goma sha biyar ko fi, sa'an nan a garzaya asibiti. Kanwa ba ta shiga ido.

Akan ce ajiye batir a kan siminti yana shanye masa wuta. Wannan magana ta zamanin akwatunan katako ce da na baƙar roba. Na yanzu ba ruwansu da siminti. Amma duk da haka a Miga a ɗora su a kan benci mai tsawo, don wani dalili dabam: ƙasa ce ta bakin kogin Haɗeja, kuma wanda ya ga ambaliyar shekarar 2022 ya san inda ruwa ke kaiwa. In an dawo daga rangadi a cika su da caji a ranar. Batir ɗin darma da aka bari a shanye makonni, wani gishiri ke daskarewa a faifansa, ba ya kuma komawa yadda yake.

Yanzu akwai baturan litiyam, masu bolt 12.8. Nauyinsu bai kai rabin na darma ba, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na wutarsu ko fi, ba a kuma zuba musu ruwa, sai dai kuɗinsu na farko ya fi yawa. A cikinsu akwai na'urar da ke tsaronsu, kuma ba kowanne ne ya yarda a jera shi ba. Sai a karanta takardar da ta zo da shi. Ba a haɗa litiyam da darma a ƙungiya ɗaya ko ta wace hanya.

Aikin malamin hakimi

Ya kamata a buɗe wa batura shafi a littafin kayan ofis. A rubuta wa kowanne lamba da fenti, da ranar da aka saya, da takardar garanti. Sau ɗaya a wata, da safe, bayan sun cika sun huta, a auna kowanne a rubuta. Lamba 12.2 tana nufin an sha wajen rabi. Ƙasa da 12 an wuce iyaka. A haɗin jere ana auna kowanne a inda yake, kuma in ɗaya ya riƙa bambanta da ɗan'uwansa da 0.3 ko fiye, a cire shi a yi masa caji shi kaɗai tun bai ja sauran ba. A haɗin kafaɗa kuwa mita za ta nuna lamba ɗaya a kansu duka, mai lafiya yana rufa wa marar lafiya asiri, saboda haka sai an raba su kafin a auna.

Batir in ya mutu, a mayar da shi ga dillalin da ke sayen tsofaffi, a rufe, da ruwansa a ciki, a shigar da kuɗin a littafi. Kada a yarda a fasa shi a cikin gida ko a narka darmarsa kusa da yara, ko a zubar da ruwansa kusa da rijiya. A shekarar 2010 gubar darma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. A can daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a tsakar gida, amma darmar ita ce dai wadda ke cikin batir. Hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni wannan, su kuma su gaya wa maƙera da masu yin gidan sauro da masunta masu neman darmar taru.